Ranar da Na Rataya Gangar Tanko a Wuyan Kwalba

Ɗazu Habila jikana ya ajiye mini kwamfutarsa a kan benci, ya ce, "Kaka, zauna ka ga yadda ake kiɗa yanzu." Ya jawo wani ɗan guntun kiɗan ganga da yatsa, ya ja masa wutsiya, gangar ta kama maimaita kanta. Ya ɗora kalangu a kai, ya ɗora sarewa, kafin shayina ya huce wai har ya gama waƙa. Abokansa na tsaye suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ya ce sunan abin lup, kuma wai ko ni zan iya. Ko ni! Na ce, "Kai Habila, ubanka ma ba a haife shi ba lokacin da nake yanka wannan abin da reza." Ku abokansa kuka kwashe da dariya, kun ɗauka wasan jika da kaka ne. To ku matso, ku kife wayoyin nan, in gaya muku.

Mu zobe muke ce masa, domin zaren kaset ne ake yankowa a haɗa bakinsa da gindinsa, ya yi ta zagayawa. Ni ban je Funtua don in koyi kiɗa ba. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye a bayan Ƙarfi. Sunan mahaifina Nomau, kuma sunan ya bi shi, don a zamaninsa babu mai shiga gabansa a kunyar gona. Ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake yi in na ga abu mai noti. Bayan na gama firamare na kwance rediyon Baba don in ga cikinsa, na mayar, wasu notuna suka yi saura, rediyon bai ƙara ko tari ba. Innata Talatu ta ce tun da ɓarna nake so, gara a kai ni inda ake yin ta da izini. Haka na sami kaina a shagon Malam Sani Mai-rediyo, kusa da tashar mota, shekarun saba'in suna gangarawa.

Aikina na farko naɗe kaset ne. Direbobin manyan motocin auduga su ne manyan masu kawo mana aiki. Rikodar mota ta tauna wa mutum kaset, ya zo da shi a tafin hannu, zaren ya zubo kamar hanjin kaza, yana rantsuwa in ba a gyara ba ba zai iya tuƙi zuwa Gusau ba. Sai in zura biro a ramin kaset in yi ta juyawa, in miƙe inda ya tattare da bayan cokali, in yanke inda ya mutu. Kayan aikin ba su da yawa: reza, ɗan ƙaramin sukundireba, ƙarfen dalma da muke ɗorawa a kan gawayi in an ɗauke wuta, salatif, auduga da sifirit na goge bakin rikoda, sai kwalbar jan farce. Kada ku yi dariya, jan farce yana liƙe zare in salatif ya ƙare. Malam Sani da kansa yake zuwa saye wurin 'yan koli, yana murtuke fuska don kada a tambaye shi na wace ce. Doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko. Akwai wani ɗan tayan roba a cikin rikoda wanda ke jan zaren, ya ce kada in kuskura in taɓa shi yana aiki, don yana rage wa kaset gudu, mawaƙi ya koma kukan bijimi.

Zoben farko wani mai maganin ciwon baya ne ya jawo mana shi. Mutumin yana da mota da lasifika a kanta, yana bin kasuwanni daga Bakori har Dayi, da mai kalangu a kujerar baya yana kaɗa masa yana tallar. Ya shigo shagon yana huci, ya ce, "Malam Sani, na gaji. Jama'a na taruwa sai ya ce hannunsa ya gaji. In ya huta sai ya ce yunwa. Jiya a Malumfashi ina tsakiyar bayani na waiga, ya tafi zance! Ka yi mini makaɗin da ba ya cin tuwo." Malam ya shafa gemu ya ce ya taɓa ganin wata dabara a Kaduna wurin wani mai aiki da manyan injinan ɗaukar murya. Aka kira mai kalangun, aka saya masa tsire, ya kaɗa muka ɗauka. Bawan Allah bai san aikinsa yake yi wa kabari ba.

To a nan aikin yake, ku da kuke ja da yatsa. Ku kuna ganin kiɗan a zane, ga tudu ga kwari, kun san inda za ku sa almakashi. Zaren kaset kuwa duk ɗaya ne, ruwan ƙasa daga farko har ƙarshe, ba ya nuna maka komai. Sai ka saurara, ka kama inda kiɗan ke dawowa gida, ka danna tsayawa, ka fitar da kaset ka ɗiga jan farce a wurin. Ka mayar, ka jira ya sake zagayowa, ka sake ɗigawa. Kuma hannun ɗan Adam kullum a makare yake. Kunne ya ji, kafin yatsa ya danna zare ya wuce. Malam ya ce kowa da tsawon makararsa, sai in nemo tawa. Na ɓata zare ba kaɗan ba kafin na gane tawa faɗin farcen babban yatsana ce, sai in ja baya da haka in yanka. Yankan ma a karkace ake yi, in ka yanka a miƙe za ka ji ƙas duk zagaye, kamar ana taka busasshen kara.

Alƙaliyarmu Gwaggo Asabe ce, mai suyar ƙosai a ƙofar shagon. Ita ba ta san muna gwaji da ita ba. In na haɗa zobe sai Malam ya ce in juya lasifika waje, mu leƙa ta taga. In zoben ya zauna, za ka ga kafaɗarta ta fara, sai kai, sai matsamin ƙosai ya shiga bugun bakin kasko. In kuwa akwai ɗingishi a mahaɗin, ko na ƙiftawar ido ne, sai kafaɗar ta tsaya, ta waigo ta ce, "Wai wane ne wannan makaɗin mai sartse a ƙafa?" Malam ya dube ni kawai, ni kuma in ɗauki reza. Ranar da zobena ya fara zama, Gwaggo ta yi ta rausaya har ƙosan ya ƙone. Ta shigo da matsami a hannu tana neman wanda zai biya ta, Malam yana dariya har da riƙe ciki. Ni dai a ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna.

Daga nan abin ya shiga jinina. Na gane in zobe na juyawa a rikoda ɗaya, zan iya buga wani abu a kansa, rikoda ta biyu ta ɗauke su tare. In sake kunna wannan, in ƙara wani, in mayar wa ta farko. Abin da Habila ya yi kafin shayi ya huce, ni yini nake yi, kuma duk ɗori ɗaya sai wani shuuu ya ƙaru kamar ana ruwa a kan kwano. In ka cika haɗama, ƙarshenta ruwan kawai za a ji. Wannan ya koya mini tambayar kowane sauti me ya zo yi kafin in ba shi wuri. Kiɗan farko da na haɗa da kaina, luguden matan gidan bayanmu na ɗauka ta kan katanga suna daka, shi ne gindin. Na ɗora bugun tulu irin na mata a coci, na kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara, na jira jirgin ƙasa ya yi kuka na saka shi a tsakiya. Wani direba ya ji ya ce a zuba masa, ya sa masa suna Sakwarar Funtua. Kafin wata ya mutu ina jin lugudena yana wuce ni a titi cikin motoci. Matan da suka daka ba su taɓa sani ba, sai dai wata rana na aika musu da goro.

Yanzu bari in kai ku gida. A ƙauyenmu ba a gayya sai da gangar noma, kuma ganga ɗaya ce, ta Baba Tanko, abokin mahaifina tun suna kiwon awaki. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, wato kiɗan da gangar ke kiran sunansa da shi. Na Baba, in ka iya jin ganga, cewa take, "Nomau na Talatu, sunkuya, gona na gaba." Al'adar kuwa ita ce, wanda ake kaɗa wa takensa ba ya ɗaga baya. Komai gajiya, ba ya miƙewa sai makaɗi ya sauke shi, wato ya sassauta kiɗan, ya rufe da wani bugu mai nauyi, mata su rangaɗa guɗa, sannan a juya kan wani. In mutum ya miƙe da kansa ganga na kira, ya faɗi ke nan, har yara sai sun yi masa waƙa. In kuma makaɗi ya yanke kiɗan a tsakiya ba saukewa, ya fi muni, ya nuna wa duniya ya ga gazawarka. Wata damina na je gida da rikodar Malam don burga, aka yi sa'a ana gayya. Na danna ɗauka daidai Baba Tanko ya shiga taken Baba, bai yi nisa ba kaset ya ƙare, don wutsiyar wani tsohon kaset ce na samu. Na jefa shi a akwati na manta.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. A shago sai mu yini ba wanda ya leƙo, wanda bai ci ba ina zai tuna da kaset? Batir ya yi wuya, sabon kaset ya ɓace a kasuwa, muka koma goge tsofaffi. Gwaggo Asabe ta rage girman ƙosai har Malam ya ce ya koma ƙwayar magani. Ana cikin haka, wata ranar kasuwa na ɗaga kai na ga Inna a ƙofar shago, ita da ba ta son shiga mota.

Ta gaisa da Malam, ta sha ruwa, ta ce, "Bulus, ubanku ya zauna."

Na ce, "Ba shi da lafiya ne, Inna?"

Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, zuciyar ce ta kwanta. Shuka ta biyu na mutuwa ya rataye garma. Da ruwa ya dawo, ni da ƙannenka muka yi ta uku a gonar ɗorawa, kuma dawa ta fito, amma ciyawa ta fi ta sauri. Na ce a kira gayya, ya ce da wace gangar? Tanko hannunsa na dama ya shanye tun bazara. Yanzu ga dillalin wani Alhaji mai sayen auduga yana ta sintiri, kuma ubanku ya ce masa ya dawo ran Asabar su gama maganar sayar da gonar."

Gonar ɗorawa ita ce gonar gado, a can aka binne cibiyar Baba da tawa. In ta tafi, ba mu da sauran abin da za mu kira namu a ƙauyen. Malam Sani ne ya ce daga bayan tebur, "Kai, ba ka taɓa ce mini ka ɗauko gangar mutumin nan ba?"

Ban taɓa yin aiki da taka-tsantsan irin na wannan zaren ba, domin shi ke nan, babu wani. In reza ta kauce, hannun Baba Tanko ya tafi har abada. Malam ya ce in fara kwafe shi a wani kaset in yi ta ɓarnata a can, haka na yi har na haddace wurin yankan, amma kwafin ya dushe, dole na koma kan na asali. Taken yana da tsawo, zoben ya fi ƙarfin cikin kaset. Muka fasa gefen kaset ɗin, muka cire murfin rikodar, zaren ya fito waje ya zagayo wuyan kwalbar lemo da muka cika da yashi don kada ta faɗi. Na kunna, na juya lasifika waje. Gwaggo Asabe ta ajiye matsami ta miƙe tsaye, ta ce, "Wannan ai gangar noma ce! Wa ake kira?" Malam ya aro mini batirin mota wurin wani direba, ya ba ni babbar lasifikar shago, ya ce in na dawo da ita a fashe in wuce Legas kawai.

Ran Juma'a da la'asar na isa, ban shiga gida ba sai da na biya wurin Baba Tanko, don kiɗansa ne, ba a fita da shi bai sani ba. Na same shi a zaure ya rame, hannun na kwance a cinyarsa. Na jera kayana, na kunna a hankali. Ya karkata kai yana saurare, can ya ce, "Wannan hannuna ne." Ya dubi na cinyarsa, ya dubi kwalbar tana tsaye zare na shafa wuyanta, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Ɗan Nomau, ashe a kwalba ka ɓoye ni! Ya iya duka?" Ni kuma da bakina mai sauri na ce, "Baba, duk abin da ka kaɗa ya iya." Shi yana nufin har saukewar, ni kuwa tunanina bai ma je can ba. Ya ce gobe a zo a ɗauke shi a keke, kuma a taho da gangarsa, makaɗi ba ya zuwa gona hannu sake ko da zama zai yi a kanta.

Da safe Inna ta riga ta aika gida-gida, ta dama kunu da 'yar dawar da ta rage mata. Mutane suka zo jefi-jefi, don kunyar Inna kawai, suna tsaye suna duban ciyawa suna duban juna. Baba yana gida ya ce ba inda za shi. Na ɗaure lasifika a reshen ɗorawa, na ajiye rikoda da kwalba a kan bencin da muka aro a coci, aka zaunar da Baba Tanko a gefe. Na haɗa waya da batir, na murɗe murya har ƙarshe.

Jama'a, ban taɓa jin abu kamar wannan ba. Gangar ta tashi ta cika gonar, tsuntsaye suka watse daga ɗorawa. Wata tsohuwa ta saki ƙwarya ta ce, "Yesu! Tanko ya warke?" alhali ga Tanko a gabanta hannu a cinya yana washe baki. Samari suka fara cire riguna. Waɗanda suka ƙi zuwa muka hango su suna tsallake kunyoyi da garemani a kafaɗa. Sai ga Baba. Ya taho ba hula, garma a hannu, bai dubi kowa ba, bai dubi lasifika ba. Ya tsaya a bakin gona kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ya tofa yawu a tafinsa, ya sunkuya. Inna ta rangaɗa guɗar da rabon da in ji irinta tun bikin yayata.

Aiki ya kama. Baba na gaba, layin maza na biye, ƙasa na tashi, ciyawa na kifewa. Ya fitar da kunya ya juyo ya kama wata. Ni ina tsaye a bayan benci ƙirjina kamar ya fashe, ina kore ƙuda daga zare, ina jin duk duniya babu gwani irina. Dillalin ma ya iso cikin farar riga, ya tsaya a inuwa yana kallo baki buɗe. Rana ta ɗaga. Samari suka fara zamewa ɗaya-ɗaya suna zuwa shan kunu, su ba takensu ake kaɗawa ba. Baba kuwa bai ɗago ba. Mutumin da ya haura sittin, ya yi makonni a zaune, ga ganga na ta cewa sunkuya, kuma ba ta da niyyar cewa komai bayan haka.

Baba Tanko ne ya fara daina dariya. Ya ce, "Bulus, ya isa. Ce masa ya sauke shi."

Na ce, "In ce wa wa?"

"Makaɗin naka mana! Ba ka ga gwiwarsa ba? Garmar ta fara cin rabi."

Na duba, ni ban ga komai ba sai bayan Baba yana sheƙi. Sannan maganar ta faɗo mini a ka. Na ce, "Baba, babu saukewa a ciki. Kaset ya ƙare kafin ka kai nan." Na kai hannu zan kashe, ya daka mini tsawar da ban san tana jikinsa ba. "Kul! Ka yanke wa Nomau kiɗa a gaban mutane? A gaban wancan mai farar rigar? Gara ka ba shi gonar da hannunka." Inna ta matso tana murza zane, ta ce, "Tanko, ka san shi, zai faɗi a kan garmar nan bai miƙe ba." Na dubi rikodar, na dubi Baba. In na bari, Baba ya faɗi. In na kashe, na kashe shi a tsaye.

Baba Tanko ya ce, "Abin nan ba ya sassautawa?"

Sai na tuna ɗan tayan robar da Malam ya hana ni taɓawa. Na ce yana yi, in an danne nan. Ya ce, "To ɗora yatsa, kada ka danna sai na ce. Talatu, kafa mini gangar a tsakanin gwiwoyina." Inna ta kafa ta, ta riƙe da hannu biyu. Ya ɗauki gula, sandar kiɗan, da hagu, hannun da bai taɓa riƙe ta da shi ba, ya juya ta yana neman zamanta. Idonsa na kan bayan Baba. "Kaɗan. Ƙara. Kai, ba haka ba, za ka kwantar da shi! Saki kaɗan. Yawwa, riƙe nan." Gangar ta yi nauyi, muryarta ta yi ƙasa, na ga garmar Baba ta bi ta, sara na tafiya a hankali, numfashi na shiga tsakani. Ya bar shi a haka har ya kusa bakin kunya. Sannan ya ce, "In na ɗaga gula, ka ɗauke naka." Ya ɗaga, na zare waya, kafin shirun ya sauka ya sakar wa fatar bugun saukewa. Bugun bai fita tsaf ba, hagu ce, ya ɗan karkace. Amma kowa a gonar ya san shi, kuma ya faɗa daidai inda ya kamata. Mata suka ɗauki guɗa gaba ɗaya.

Baba ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu. Ya tako har gindin ɗorawa, ya karɓi ƙwaryar kunu ya shanye, ya goge baki. Ya dubi abokinsa ya ce, "Tanko, yau ka so kashe ni."

"Ba ni ba ne, ɗanka ne da kwalbarsa. Ni ceto na zo."

Baba ya sunkuya ya leƙa rikodar, ya bi zaren da ido har wuyan kwalba. Ya ce, "Bulus, wannan ne makaɗin?" Na ce shi ne, Baba. Ya ce, "Yana da hannu, amma makaho ne. Kada ka ƙara sakinsa a gona ba ɗan jagora." Aka yi ta dariya, Baba Tanko kuwa bai saki gular ba, yana ta ɗan taɓa fatar da ita yana saurare. Samari suka yanyame shi, kowa na cewa a gwada nasa taken ko da hagun ne.

Dillalin ya gyara murya ya matso, ya ce, "Malam Nomau, sannu da aiki. To batun namu fa?"

Baba ya dube shi, ya waiga ya dubi gonar, rabi ta yi baƙi wuluk da sabuwar ƙasa, 'yan dawa sun fito fili suna kaɗawa. Ya ɗauki garmarsa ya saɓa. Ya ce, "Ka gaida Alhaji. Ka ce masa ka tarar ina aiki."

Dawar ba ta yi yawa ba a shekarar, amma ta kai mu, kuma damin farko gidan Baba Tanko aka kai. Daga baya na yanka wa manoma da dama zoben takensu da hagunsa, muna yawon gayya tare, ni da yatsa a kan roba, shi da ido a kan mutane. Tuwon da ka ci jiya, Habila, har kana neman ƙari, daga ƙarƙashin ɗorawar nan ya fito.

Naka zoben kuma tun ɗazu yake ta zagayawa, abokinka ya gyaɗa kai har wuyansa ya gaji, kai ko ka dube shi. Matsa, ba ni kujerar. Nuna mini inda ake sauke shi.